Tasirin Bugun Maganaɗisun Lantarki a kan Motoci da Na'urorin Yau da Kullum

Tsakure

Finafinai da jita-jita sun cusa wa mutane da dama tunanin cewa da zarar bugun maganaɗisun lantarki ya auku, kowace mota za ta tsaya cak a kan titi, kowace wayar hannu kuma ta mutu a aljihun mai ita. Wannan maƙala ta bi diddigin abin da aka gani a zahiri, tun daga gwaje-gwajen makaman nukiliya na 1962 da guguwar rana ta 1859 da ta 1989, har zuwa gwajin da aka yi wa ƙananan motoci 37 da manya 18 a Amurka. Hujjojin sun nuna cewa ɓarnar da ke samun na'ura ta fi danganta da tsawon wayar da ke jone da ita, fiye da tsadarta ko sabuntarta.

Gabatarwa

Da misalin ƙarfe 11 na daren 8 ga Yuli, 1962, agogon Hawai, sararin samaniyar birnin Honolulu ya haskaka farat ɗaya, sannan ya rine da ja. Amurka ce ta tayar da bom ɗin nukiliya mai ƙarfin megatan 1.4, wato kwatankwacin tan miliyan 1.4 na nakiyar TNT, a tsayin kilomita 400 a saman tekun Fasifik, daura da tsibirin Johnston. An raɗa wa gwajin suna Starfish Prime. Tsakanin wurin da Honolulu akwai tazarar kimanin kilomita 1,450, saboda haka babu ginin da ya tsage, babu kuma wanda ya ƙone. Amma fitilun titi kimanin 300 sun mutu a tsibirin Oahu, ƙararrawar ɓarayi ta yi ta kuka a wurare da dama ba tare da kowa ya taɓa ta ba, kuma wata tashar sadarwa ta kamfanin tarho ta lalace, abin da ya yanke kiran waya tsakanin tsibirin Kauai da sauran tsibiran.

Abin da ya yi wannan aika-aika shi ne bugun maganaɗisun lantarki, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan EMP. Ana nufin wani ƙarfi na lantarki da maganaɗisu da ke tasowa kwatsam, ya bazu a sarari da saurin haske, sannan ya gushe cikin ƙanƙanen lokaci. Ido ba ya ganinsa, kunne ba ya jinsa, jikin mutum ma ba ya sanin ya wuce. Ƙarfe ne kaɗai ke amsa masa. Bom ɗin nukiliya ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin samuwarsa: aradu na haifar da shi, guguwar rana na haifar da wani nau'insa, akwai kuma na'urorin da aka ƙera musamman domin su fitar da shi.

Yadda ƙarfin ke shiga na'ura

Tushen bayanin yana cikin abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, cewa duk lokacin da ƙarfin maganaɗisu ya sauya a kusa da wayar ƙarfe, lantarki zai gudana a cikin wayar, kuma gwargwadon saurin sauyin gwargwadon ƙarfin abin da zai gudana. A kan wannan ƙa'ida janareta ke ba da wuta, a kanta kuma eriyar rediyo ke kamo tasha. Ke nan kowace waya eriya ce, ko an yi nufin haka ko ba a yi ba. Wayar da ta taso daga turke zuwa mitar gida eriya ce, igiyar cajar salula eriya ce, haka ma tarin wayoyin da ke bin ƙarƙashin kujerun mota.

Misalin ruwan sama zai kusantar da fahimta. Ruwa ɗaya ne ke sauka a kan moɗar da aka manta a tsakar gida da kuma kan rufin kwano. Moɗar ba za ta samu abin da ya wuce kurɓi ɗaya ba, indararon rufin kuwa sai ya cika randa har ta yi ambaliya. Bambancin yana ga faɗin abin da ya tare ruwan. Shi ma bugun ana auna shi da yawan bolt da yake ɗora wa kowace mita ɗaya ta sarari. Mizanin da hukumomin ƙasa da ƙasa ke aiki da shi wajen ƙiyasta bugun nukiliya mai tsanani shi ne bolt 50,000 a kowace mita. Wayar da ta kai mita guda, in ta dace da fuskar da bugun ya zo, tana iya tara dubban bolt. Su kuwa ƙananan guntayen silikon da ke cikin kwamfuta da salula, da bolt 5 ko ƙasa da haka suke aiki, wasu ma da abin da bai wuce bolt ɗaya ba. Idan irin wannan ambaliya ta kai ga guntun silikon, ɗayan biyu ne: ko dai ta rikita lissafinsa na ɗan lokaci, wanda kashewa da kunnawa ke gyarawa, ko kuma ta huda siririn rufin da ke raba sassansa, ta ƙona shi har abada.

Fitilun Honolulu sun tabbatar da wannan. An ƙiyasta cewa ƙarfin da ya isa Hawai a daren bai wuce bolt 5,600 a kowace mita ba, kuma fitilun da suka mutu kaɗan ne ƙwarai cikin jimillar fitilun tsibirin. An jona su ne a jere a kan dogayen layuka, kuma fiyus ɗin layukan ne ya ƙone, shi ya sa suka mutu rukuni-rukuni.

A 1963 ne Conrad Longmire, masanin kimiyyar fiziks a cibiyar bincike ta Los Alamos, ya warware yadda bom da ya tashi a wajen iskar duniya ke iya taɓa ƙasa da irin wannan ƙarfi. Bom ɗin yana fitar da hasken gamma, wanda ke sauka ya bugi ƙwayoyin iska a tsayin kilomita 20 zuwa 40, ya fizge musu ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki. Ƙarfin maganaɗisun duniya sai ya karkatar da waɗannan ilektiron gaba ɗaya a lokaci guda, ta yadda wani makeken yanki na sama zai zama tamkar eriyar watsa shiri. Duk ƙasar da ke iya hango wurin fashewar tana cikin da'irar bugun.

Masana sun kasa bugun nukiliya kashi uku bisa ga lokaci. Na farko, E1, yana kai ƙololuwarsa cikin 'yan kashi kaɗan na biliyan ɗin sakan guda, kuma shi ne abokin gabar ƙananan na'urori, domin saurinsa ya sa ko gajeriyar waya tana kama shi. Na biyu, E2, ya yi kama da abin da aradu ke haifarwa, kuma kariyar da aka saba yi wa aradu tana maganinsa, muddin E1 bai riga ya lalata kariyar ba. Na uku, E3, a hankali yake tafiya, daga sakan kaɗan zuwa 'yan mintoci, kuma ba ruwansa da salula ko mota. Layukan da suka kai tsawon kilomita gommai da ɗaruruwa su ne abincinsa.

Wanda ya fi nuna wannan a fili shi ne gwajin da Tarayyar Sobiyet ta yi a ranar 22 ga Oktoba, 1962, a saman Kazakistan. Bom ɗin bai kai na Amurka ba, kilotan 300 ne, a tsayin kilomita 290. Sai dai an tayar da shi ne a kan doron ƙasa mai mutane da layukan waya, kuma a yankin da ƙarfin maganaɗisun duniya ya fi na tsakiyar Fasifik. Bayanan da masanan Rasha suka fitar bayan rushewar Tarayyar sun nuna cewa fiyus da sauran kayan kariya na wani layin tarho mai tsawon kilomita 570 sun ƙone, kuma wani layin wuta da aka binne a ƙasa mai tsawon kusan kilomita 1,000 ya daina aiki.

Shekara guda bayan haka, a watan Agusta na 1963, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka rattaba hannu a Mosko a kan yarjejeniyar da ta haramta gwajin nukiliya a iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. Wannan ya sa kusan duk abin da aka sani game da na'urorin zamani ya fito ne daga wuraren gwaji da ke kwaikwayon bugun. Mafi ban mamaki a cikinsu shi ne wanda aka gina a sansanin sojan sama na Kirtland da ke Albuquerque, aka gama shi a 1980: wani katafaren dandamali na katako zalla, da zai ɗauki jirgin yaƙi samfurin B-52 sukutum. An guji ƙarfe a ginin ne domin kada ya gurɓata sakamakon awon.

Abin da ya sami motoci

A 2001 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa wani kwamiti domin ya auna barazanar da bugun ke yi wa ƙasar, ƙarƙashin jagorancin William Graham. Rahotonsa na 2008 ya ƙunshi sakamakon gwajin motoci, wanda har yau shi ne aka fi kafa hujja da shi, kuma shi ne aka fi murɗa wa ma'ana.

An gwada ƙananan motoci 37, ƙirar 1986 zuwa 2002. Ana saka mota a wurin gwajin, a yi ta ƙara ƙarfin bugun mataki-mataki har zuwa kusan bolt 50,000 a kowace mita, wani zubin injin yana aiki, wani zubin yana kashe. A cikin motocin da aka gwada a kashe, babu wadda ta nuna wata matsala daga baya. A cikin waɗanda ke aiki, uku ne injinsu ya mutu, shi ma sai da ƙarfin ya kai wajen bolt 30,000 a kowace mita ko fiye. Mota ɗaya ce kayan lantarkin allon gaban direbanta suka lalace har suka buƙaci gyara. Guda 25 sun nuna 'yan rikice-rikicen da ba su hana tuƙi ba, irin su ƙyaftawar fitilun allo, takwas kuma ko gezau ba su yi ba. An kuma gwada manyan motoci 18, ƙirar 1991 zuwa 2003. Goma sha uku sun nuna alama yayin da suke aiki, uku daga ciki suka mutu. Biyu sun tashi nan take da aka sake murza makulli, ɗaya ce kawai sai da aka ja ta zuwa gareji.

Gani ya kori ji. Wannan sakamako ya yi hannun riga da hoton da finafinai ke nunawa na tituna cike da matattun motoci. Sai dai bai kamata a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Ƙa'idar gwajin ita ce, da zarar mota ta nuna alamar rikicewa sai a dakatar da gwada ta, saboda haka da yawa daga cikinsu ba su taɓa fuskantar cikakken ƙarfin ba. Motoci 55 kuma ba su isa su wakilci ɗaruruwan samfura ba. Bugu da ƙari, kwamitin da kansa ya ja hankali ga abin da ya fi mutuwar inji haɗari. Ya ƙiyasta cewa kashi 10 cikin ɗari ko fiye na motocin da suka gamu da bugu mai tsanani za su iya samun babbar matsala. A kan babbar hanya mai cunkoso, mutuwar mota ɗaya cikin goma a sakan guda ta isa ta haddasa karo da toshewar hanya, ko da sauran taran lafiyarsu ƙalau. Na'urorin da ke sarrafa fitilun danja kuwa, an ga sun fara rikicewa a ƙarfin da bai kai kusa da wanda ya kashe injin mota ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda su a jone suke da dogayen wayoyi a bakin titi.

Me ya sa mota ke da wannan juriya? Dalili na farko shi ne jikinta. Faraday ɗin nan dai ya nuna a 1836 cewa idan aka kewaye wuri da ƙarfe, lantarkin da ya zo daga waje yana bin bayan ƙarfen ne, ba ya ratsawa ciki. Wannan ne ke tsirar da mutanen da aradu ta faɗa wa motarsu. Abin da aka saba faɗa cewa robar taya ce ke kare su ba shi da tushe, domin wutar da ta keto kilomitoci na iska ba 'yar robar taya ce za ta tare ta ba. Amma kariyar jikin mota ba cikakkiya ba ce. Akwai gilasai, akwai sassan roba, akwai tsagar ƙofofi, kuma duk wanda ya taɓa amsa kiran salula a cikin mota ya shaida cewa igiyoyin rediyo suna shiga. Abin da jikin yake yi shi ne rage ƙarfin.

Dalili na biyu shi ne gajartar wayoyin, waɗanda ba su wuce 'yan mitoci ba, kuma yawancinsu a manne suke da ƙarfen jikin. Wayoyin da kwamfutocin motar ke zance da juna ta cikinsu, bisa tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, a tufke suke biyu-biyu kamar igiya, domin abin da ɗaya ta kamo daga waje ɗayar ta soke shi.

Dalili na uku, wanda ba a cika ambatawa ba, shi ne cewa cikin mota dama can ba wurin zaman lafiya ba ne ga kayan lantarki. Koyil yana harba dubban bolt zuwa fulogi sau da yawa a kowane sakan, a tazarar 'yan taƙi daga kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Dole ta sa masu ƙira suka rufe ta cikin akwati, suka kuma dasa mata kayan da ke shanye wutar da ta yi tsalle. A nan ya dace a ɗan ratse: al'adar wasu kanikawa ta cire kan batir alhali inji na aiki, wai don a gane ko motar tana caji, tana sakin irin wannan tsallen wuta kai tsaye cikin wayoyin motar. Haka ma yin walda a jikin mota ba tare da an cire batir ba. Waɗannan biyun sun kashe ƙwaƙwalen motoci da yawa, alhali babu tabbataccen labarin ko guda da bom ya kashe a kan titi.

Akwai kuma zancen da ake yawan yi cewa tsohuwar mota ce kaɗai za ta tsira. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mota irin Peugeot 504 ta farko-farko, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da kafireta take shan mai, kuma babu kwamfutar da injinta ya dogara da ita, don haka babu abin da bugun zai rikita. Haka ma tsohon injin dizal mai famfon ƙarfe, wanda in ya tashi ba ya buƙatar lantarki domin ya ci gaba da aiki. Amma daga nan zuwa cewa sabuwar mota ba ta da tsira akwai tazara. Tun daga 2002 abubuwa biyu ne ke tafiya tare, kowanne yana jan nasa ɓangaren. Kwamfutocin cikin mota sun ƙaru zuwa gommai, sun karɓi ragamar birki da sitiyari, an kuma ƙara kyamarori da eriyoyi, wato ƙofofin shiga sun yawaita. A ɗaya hannun, ƙa'idojin da ke tilasta wa masu ƙira gwada motocinsu a gaban igiyoyin rediyo masu ƙarfi sun ƙara tsanani.

Cewa ana iya tsayar da mota da gangan ta wannan hanya, ba a jayayya. A 2013 kamfanin e2v na Birtaniya ya nuna wata na'ura mai suna RF Safe-Stop, wadda ke kashe injin mota daga tazarar kimanin mita 50, kuma motar tana sake tashi bayan an kashe na'urar. Shekara guda kafin nan, kamfanin Boeing ya gwada wani makami mai linzami mai suna CHAMP a jihar Utah, wanda ya kashe kwamfutocin da ke cikin wani gini yayin da ya gifta ta samansa. Irin waɗannan na'urori gajeren zango gare su, kuma sai an saita su a kan abin da ake hari.

Kayan cikin gida

Ƙa'idar moɗa da indararo ita ce dai ke aiki a cikin gida. Salular da ke aljihu, da agogon hannu, da tocila, da ƙaramar rediyo mai batir wadda aka naɗe eriyarta, duk wayoyin cikinsu ba su wuce 'yan santimita ba, kuma masu ƙera salula sukan rufe muhimman sassanta da ƙananan murafen ƙarfe. Damar tsirarsu tana da yawa. Amma da zarar an jona salular a caji, ta zama ƙarshen wata eriya da ta faro tun daga turken bakin titi. Talabijin ta fi shiga haɗari, domin ƙofa biyu gare ta, wayar wuta da wayar eriya ko ta faranti. Haka ma kwamfutar tebur mai jone da wayar intanet, da inbatar sola wadda wayoyi ke sauko mata daga kan rufi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya ga damina. Ba sai aradu ta faɗa wa gida ba kafin ta ƙona talabijin. Ya isa ta sauka a kusa da layin wuta, layin ya kamo bugun ya raba wa gidajen da ke kansa. Kashe na'ura da maɓalli ba ya wadatarwa, domin 'yar tazarar da ke cikin maɓalli wuta mai ƙarfi tana tsallake ta. Zare fulogin daga bango, tare da zare wayar eriya, shi ne ke yanke hanyar. Na'urorin kariya da ake sayarwa domin tsallen wuta suna da amfani a kan aradu, amma yawancinsu ba a ƙera su da la'akari da saurin E1 ba.

Wanda ke son ajiye wata ƙaramar na'ura a wurin da bugu ba zai same ta ba, gwangwanin ƙarfe mai murfi da ke rufuwa ruf ya isa, da sharaɗin a naɗe na'urar da kwali ko tsumma kada ta taɓa ƙarfen, kuma kada wata waya ta fito waje. Tsaga ita ce rauninsa. Murfin da fenti ko roba ya raba shi da jikin gwangwanin ya bar ƙofa a buɗe.

Sai dai tsirar salula ba ta da wani amfani in turken sadarwar da take magana da shi ya mutu. Mota mai lafiya ma ba za ta yi nisa ba in famfon gidan mai ba shi da wuta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma a wannan batu Doma ita ce babban layin wutar lantarki.

Bugun da ke zuwa daga rana

Babu buƙatar yaƙi kafin a ga abin da E3 ke yi, domin rana tana aiko da makamancinsa. Lokaci-lokaci takan yi aman wani gajimare na ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, wanda in ya doshi duniya yakan girgiza ƙarfin maganaɗisunta. A ranar 1 ga Satumba, 1859, Richard Carrington yana duban rana a Ingila ya ga wani farin haske ya ɓarke a fuskarta. Bayan kimanin sa'o'i 17 da rabi guguwar ta iso. Wayoyin tangarahu a Turai da Amurka suka yi ta tartsatsi, wuta ta ja wasu ma'aikata, kuma a layin da ya haɗa Boston da Portland an cire batura aka ci gaba da aika saƙo na kusan sa'o'i biyu da lantarkin da guguwar ta zuba a wayar.

A ranar 13 ga Maris, 1989, wata guguwar ta durƙusar da ilahirin layin wutar lardin Kebek na Kanada cikin kimanin sakan 90, mutane miliyan 6 suka zauna babu wuta na tsawon sa'o'i 9 a lokacin sanyi. Motoci sun ci gaba da tafiya a titunan Montreal, rediyoyi masu batir sun ci gaba da magana. Guguwar rana ba ta da E1, saboda haka ba ta taɓa ƙananan na'urori kai tsaye. Abin da take yi shi ne ta tura wani lantarki mai tafiya fuska ɗaya ta cikin ƙasa, ya hau dogon layi ta wayar da ke haɗa taransifoma da ƙasa. An ƙera taransifoma ne domin lantarki mai kai da komo. Idan mai fuska ɗaya ya shige ta, ƙarfen cikinta yakan ƙoshi da maganaɗisu, ta ɗauki zafi, ta kuma gurɓata wutar da take bayarwa har na'urorin kariya su yanke layin. A wannan guguwar wata babbar taransifoma ta lalace a tashar nukiliya ta Salem da ke jihar New Jersey. Irin waɗannan taransifomomi nauyinsu kan kai ɗaruruwan tan, ana ƙera kowace bisa oda, kuma samun madadinta yakan ɗauki shekara ko fiye. A nan ainihin haɗarin yake.

An daɗe ana ɗaukar matsalar a matsayin ta ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Guguwar ƙarshen Oktoba ta 2003 ta raunana wannan zato: ta ɗauke wuta na kusan sa'a guda a birnin Malmo na Suwidin, amma kuma an alaƙanta ta da lalacewar manyan taransifomomin kamfanin Eskom a Afirka ta Kudu, waɗanda suka yi ta mutuwa a hankali cikin watannin da suka biyo baya. Yankin tsakiyar duniya ma yana da nasa sha'anin. A tsayin kimanin kilomita 100, wani kogin lantarki yana gudana da rana ta fuskar gabas, yana bin layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, kuma wannan layi ya ratsa Nijeriya. Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ibadan, yana cikin waɗanda suka yi fice a duniya wajen nazarinsa. Bincike ya nuna cewa wannan kogi yana iya ƙara kaifin sauyin maganaɗisu a ƙasan da ke ƙarƙashinsa idan guguwa ta buga, abin da ya sa batun ya shafi duk ƙasar da ke da dogayen layuka masu bolt 330,000 a wannan yanki.

Guguwar 10 da 11 ga Mayu, 2024, ita ce mafi ƙarfi tun bayan ta 2003, kuma ta taɓa motoci ta wata hanya da ba a saba tunani ba. A tsakiyar Amurka lokacin shuka ne, kuma taraktocin zamani da saƙon GPS suke daidaita layin shuka har zuwa 'yan santimita. Guguwar ta hargitsa saman iskar da saƙon tauraron ɗan Adam ke ratsowa, taraktocin suka riƙa kauce wa layi, manoma da yawa suka dakatar da aiki. Babu abin da ya ƙone a cikin taraktocin. Da sama ta lafa suka koma gona.

Wani bambanci tsakanin guguwar rana da bom shi ne ita tana sallama kafin ta shigo. Ana ganin amanta kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso, kuma taurarin ɗan Adam da aka girke a tazarar kilomita miliyan 1.5 ta fuskar rana suna auna ƙarfinsa da minti 15 zuwa sa'a guda kafin ya taɓa duniya. A guguwar ta 2024, kamfanin Transpower mai kula da babban layin wutar ƙasar Niyu Zilan ya yi aiki da wannan gargaɗi. Ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan layin, ya cire wasu dogayen layuka daga aiki bisa wani tsari da ya shirya tun da farko tare da masanan Jami'ar Otago, sannan ya mayar da su bayan guguwar ta wuce, ba tare da wuta ta ɗauke wa jama'a ba.